Ganyen da Mama Ta Ɗaura wa Baƙin Sanyi

Ƙanena ne ya kawo maganar baƙi gidanmu, kuma har yau da furfura ta cika mini kai, in na tuna yadda ya shigo da ita yana murmushi, da takalminsa mai tsini, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ni na goye shi. Ni na riƙa wanke masa ƙafa a famfon tashar jirgi in ya taka abin da bai kamata ba. Amma ya je Kaduna ya sami aikin akawu a wurin buga littattafai, ya dawo yana kallon gidan ubanmu kamar wani abu da aka manta ba a sayar ba.

Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, kuma duk wanda ke karɓar albashi a Kaduna yana ji da kansa. Babanmu ya gama aikinsa na gyaran layin dogo a nan Kafanchan, ya gina jerin ɗakuna masu rufin kwano a cikin gida, wai don 'ya'yansa da jikokinsa. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin waɗanda Mama ta haifa. Ni na yi aure a can tsallaken layi, ina koyarwa a firamare, ƙanena kuma yana Kaduna, sai ɗakunan suka zama wurin ajiye doya da buhunan citta. Ba a jima ba ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke. Yana kwance a ɗakinsa, ido kawai ke bin mutane, Mama ce ke juya shi tana ba shi kunu da cokali.

Dabarar ƙanena ita ce, a watan Kirsimeti Turawan da ke koyarwa a Zariya da manyan ma'aikatan Kaduna da Ikko suna samun hutu, suna neman inda akwai sanyi da duwatsu su huta, masaukin gwamnati kuma ba ya isar su. Ya ce a fitar da doya, a shafa wa ɗakunan farar ƙasa, a sa gadaje da barguna, shi kuma zai buga ɗan littafi ya baza a kulob ɗin Turawa da kantunan littattafai da tashoshin jirgi. Ban ƙi ba. Ko ba komai Mama za ta sami masu hira, Baba kuma zai ji motsin mutane a ɗakunan da ya sha wuya ya gina.

Da ya kawo littafin, na zauna a gindin mangwaro ina karantawa ina fassara wa Mama, don da Turanci ya rubuta. Ya iya rubutu, wannan ba zan hana shi ba. Ya faɗi ranakun da jirgi ke zuwa daga Kaduna da daga Jos, ya zana hanyar zuwa inda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse, ya ce a hau duwatsun Kagoro da safe kafin rana ta yi, a zo da suwaita, a ci faten acca da zafinsa. Mama tana dariya tana cewa ashe faten da take yi kullum abin sawa a littafi ne. Sai na juya shafin ƙarshe, na daina fassarawa.

Ya rubuta cewa duk baƙon da ya sauka zai ga tsohuwar gidan cikin shigar ganye irin ta matan ƙasar a zamanin kakanni, kuma an yarda a ɗauki hoto.

Dole in tsaya in faɗi abin da ganye yake a wurin Mama, don na ga yaran yanzu ba su sani ba. A ƙauyenmu na wajen Kagoma ta tashi, lokacin da mata ke ɗaura damin ganye gaba da baya, ba su san wata sutura ba. Ta sha ba mu labarin ranar da ta fara kawo itace kasuwar Kafanchan tana budurwa, yadda 'yan tireda suka riƙa nuna ta da baki, yara suna bin ta suna waƙa. Ta ce tun daga ranar ta ƙulla a ranta sai ta mallaki zani. Itace ta yi ta ɗauka a ka har ta sayi zaninta na farko, da shi aka yi mata baftisma, kuma yana nan ninke a ƙasan akwatinta har ta mutu. A lokacin da nake magana ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, in ta ɗaga murya a majami'a har bakin titi ana ji.

Abu guda kawai ya rage wa ganye a wurin mutanenmu, shi ne mutuwa. In aka yi rashi a gida, babbar macen gidan takan yanko ganyen kaɗanya ta ɗaura a ƙugu bisa zaninta, ta fito ƙofar gida ta zauna. Ba ta magana, ba ta kuka, ba ta aiken kowa. Mace ta farko da ta gan ta, wadda ba 'yar gidan ba, ita ke ɗaga murya ta yi mata kuka, daga nan unguwa ta ɗauka, kowa ya bar abin da yake yi ya zo. Fastoci sun yi faɗa a kan wannan har sun gaji sun bari, don ko matan fasto in suka ga ganye a bakin ƙofa ajiye tulu suke yi su ruga.

Na samu ƙanena yana auna labule a ɗaya daga cikin ɗakunan. Na ce, "Kai, uwarka ka sa a littafi a zo a kalla?"

Ya ce, "Yaya, ke ma da iliminki? Al'ada ce. Su abin da suke so su gani ke nan. Dutse da ruwa ai akwai a Jos."

"To ka tuɓe kai ka ɗaura mana. Ai kai ma jikan masu ganyen ne."

Ya yi dariya ya ce ni dai ba na rabuwa da faɗa. Ya ce an riga an baza littafin, ba ya dawowa. Mama tana jin mu daga madafa. Da na koma wurinta ta ce in bar shi, yaro ne, in baƙin suka ci suka ƙoshi ba wanda zai tuna da shafin ƙarshe. Mama ta san girki, ta san Littafi Mai Tsarki, amma ba ta san mutumin da ya sayi kyamara sabuwa ba.

Baƙin suka zo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Akwai wani Bature da matarsa daga Zariya, da wani ma'aikacin banki daga Ikko da iyalinsa. Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne. Matar Baturen har ɗakin Baba ta shiga ta riƙe hannunsa. Suka je Matsirga suka dawo suna yabawa, ko da yake ruwan ya janye a wannan lokacin, suka ci faten acca suka nemi ƙari. Sai ranar da ya rage musu kwana guda, Baturen ya buɗe littafin a shafin ƙarshe ya nuna wa ƙanena da yatsa, cikin ladabi.

Ina wurin lokacin da ƙanena ya durƙusa gaban Mama. Ya ce mutanen nan sun taho daga nesa a kan maganarsa, in suka koma suka ce ƙarya ya rubuta, sunansa ya ɓaci a Kaduna. Mama ta ce ita ba za ta tuɓe zaninta ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Sai ya kawo abin da yake gani sassauci ne, ya ce, "To Mama, ba sai kin tuɓe ba. Ki ɗaura a kan zanin kawai."

Na ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Ganye a kan zani makoki ne. Ubanka na kwance a ɗaki."

Ya ce, "Wa ke bin wannan yanzu? Minti kaɗan ne, a cikin gida, ba wanda zai gani."

Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana ta mishan, daga can sai Kaduna. Bai taɓa tsayawa a makokin unguwa daga farko har ƙarshe ba, zuwa yake yi in an gama binnewa, ya gaisa ya koma. Amma ba zan ba shi uzurin rashin sani ba, don na faɗa masa da bakina, a gaban uwarsa.

Mama ta dubi ƙanena. Ta ce, "Baƙo ya zo a kan maganar gidan nan. In ya tafi ya ce mun yi ƙarya, ba kai kaɗai ba ne, har babanka." Ta tashi ta ɗauki wuƙa ta nufi bayan gida. Na bi ta ina magana, ta ce in rufe baki, ɗanta ne guda ɗaya.

A tsakar gida aka fara, kamar yadda ya yi alkawari. Sai Baturen ya ce inuwar mangwaro ta yi yawa, hoton ba zai fita ba, kuma zai so dutsen Kagoro ya fito a bayanta. Ƙanena ya kama hannun Mama yana cewa nan kusa ne, nan kusa ne, har ya fito da ita ƙofar gida. Ya jawo turmi ya kifa ya ce ta zauna. Wato ya zaunar da ita daidai inda mai makoki ke zama, da shigar mai makoki, da safe, lokacin da mata ke dawowa daga injin niƙa.

Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu ce ta fara gani. Ƙawar Mama ce tun zuwansu unguwar, tare suke zama a zumunta. Ta saki kwaryar gari a tsakiyar hanya, ta ɗora hannu a ka, ta ɗaga murya tana kiran Baba da sunan yabonsa na ƙauye, wanda ba a kira sai mutum ya mutu. Kafin Mama ta miƙe daga kan turmin, kukan ya tsallaka gida uku. Mata suka fito da gudu, wata da kumfar sabulu a hannu, wata ta bar tuwo a kan wuta. Wani mai babur da ke wucewa, ɗan ƙauyenmu, bai tsaya tambaya ba, ya juya ya kama hanyar Kagoma.

Baƙin kuwa suka ɗauka wannan ma yana cikin shirin. Baturen ya riƙa ɗaukar hoton matan da ke birgima a ƙasa, ɗan Ikko da yaransa suna tafi. Ƙanena ya yi tsuru-tsuru a jikin bango. Mama ce, wadda al'ada ta hana ta magana in tana cikin ganye, ta buɗe baki a gaban matan unguwa ta ce, "Ku yi haƙuri, ba wanda ya mutu. Baƙin yarona ne suna son hoto."

Nan take kukan ya tsaya cak. Maman 'yan biyu ta tashi ta karkaɗe zaninta, ta dubi garinta da ya watse kaji na ci, ta ce, "Kin sa na kira mijinki da sunan matattu, yana da rai." Ta juya ta tafi. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi sallama. Da la'asar sai ga dattawan ƙauye a bayan akori-kura, da fartanyoyin haƙa kabari da akuya. Mama ce ta sake fita ta yi musu bayani, ta dafa musu abinci, ƙanena ya ɓuya a ɗakin baƙi wai yana duba fitila.

Da baƙin za su tafi sun ce ba su taɓa hutu mai daɗi irin wannan ba. A tasha ƙanena ya ce mini, "Kin gani? Za su gaya wa abokansu." Ban mare shi ba don mutane na kallo, kuma har yau ina ganin kuskure na yi da na duba mutane.

Shekarar da ta biyo baya Mama ba ta fasa zuwa majami'a ba, amma wata aka ba aikin ba da waƙa. Ba wanda ya ce an tsige ta, an dai ce muryarta na bukatar hutu. Matan da ke shigowa su taya ta juya Baba suka rage zuwa. Ana gaisawa a hanya, gaisuwa irin ta wanda ke sauri. Ta je gidan Maman 'yan biyu da kwanon gari ta ba da haƙuri, aka karɓa, aka ce ya wuce, amma bai wuce ba. Ni kuwa na daina amsa gaisuwar da ƙanena ke aikowa ta bakin direbobi.

Da sanyi ya sake zagayowa, ya buga sabon littafi. Baturen ya aiko masa da hotunan, shi kuma ya sa na Mama a bango: ga ta bisa turmi, ganye a ƙugu, dutse a bayanta, fuskarta a ƙasa. Har a tashar Kafanchan aka ajiye, inda duk ɗan unguwarmu da ya je tarbar fasinja zai gani. Na kwashe waɗanda na samu na cusa a murhu, amma nawa zan ƙona? Mama ta aika masa cewa ɗakuna dai ga su nan, amma ganye ba za ta ƙara ba. Ya aiko cewa ba komai, hoton ya wadatar. Sai dai duk unguwa ta riga ta sa a ranta cewa in watan Kirsimeti ya kama, gidanmu ana wasan ganye don baƙi.

Baƙin shekarar sun fi na bara yawa, ɗakunan duka suka cika. Ƙanena bai iso ba tukuna, aiki ya riƙe shi, sai Mama ce ke fama da su da Baba. Kullum nakan biya da safe, amma ranar na fara shiga kasuwa sayayyar Kirsimeti, kasuwar kuma ta cika, ban fito ba sai da rana ta take.

Baba ya cika da sassafe, bayan ta gama ba shi kunu. Ita kaɗai ce a kansa. Ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi, ta yi addu'a, sannan ta yi abin da uwarta da kakarta suka yi: ta yanko ganyen kaɗanya, ta ɗaura bisa zani, ta fito ƙofar gida ta zauna a ƙasa, ta jira mace ta farko.

Mata sun wuce. Masu zuwa injin niƙa sun wuce, masu ɗebo ruwa sun wuce, masu zuwa koyon waƙar Kirsimeti sun wuce. Daga baya wasu suka gaya mini da bakinsu cewa sun gan ta, suka kawar da kai don kada su ba ta kunya. Wata ta ce har tsaki ta yi, ta ce tsohuwar nan ba ta ji ba. Mama tana ganinsu, ba ta da ikon kiran kowa, don mai ganye ba ta magana, kuma ta riga ta karya wannan sau ɗaya ta ga abin da ya jawo.

Da na shawo kwana da kayana a ka, abin da na fara gani shi ne wata baƙuwa tsugune a gabanta da kyamara, tana yi mata alama da hannu ta ɗago fuska. Mama na zaune a ƙasa ba turmi, ba ɗankwali, ba takalmi, leɓɓanta sun bushe, ganyen ya fara yaushi saboda rana. Ban tambayi kowa ba. Na yar da kayan, na ture matar har kyamarar ta faɗi, na ɗaga murya.

Ba 'ya ke fara kukan ubanta ba. Aikin maƙwabta ne, don a nuna cewa mamaci yana da mutane bayan waɗanda ya haifa. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa garin nan layin dogo, wanda ya haƙa kabarin rabin tsofaffin unguwar da hannunsa, 'yarsa ce ta yi masa kukan fari, ita kaɗai a tsakiyar titi, baƙi na leƙowa ta taga.

Ko da na yi kukan ba a fito da gudu ba. Ƙofofi suka buɗe a hankali. Maman 'yan biyu ta tsaya a bakin gidanta, hannunta riƙe da muciya, ta ce daga nesa, "Na gaskiya ne wannan karon?"

Na ce na gaskiya ne. Sai ta saki muciyar ta rugo, ta faɗi a jikin Mama tana kuka tana neman gafara, unguwa ta ɗauka. An yi wa Baba makoki yadda ya kamata, majami'a ta cika, dattawan ƙauye sun zo, ko da yake su ma sai da suka turo mai babur ya duba gawar kafin su ɗauko fartanya. Baƙin suka tattara kayansu suka koma masaukin gwamnati. Ƙanena ya iso washegari a jirgin Kaduna, da damin littattafai a jakarsa, ya yi kuka sosai, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Bai ƙara buga littafin ba. Doya da citta suka koma ɗakunansu.

Mutane sun sha ce mini in yafe masa, Ubangiji ma yana yafewa. Muna gaisawa, na je bikin 'ya'yansa, ya zo na nawa. Amma in ya fara ba da labarin yadda shi ne farkon wanda ya kawo masu yawon buɗe ido garin nan, tashi nake yi in bar wurin, don na san hannuna.

Mama ta rayu shekaru bayan haka, an ma mayar mata da waƙarta, sai dai ba ta ƙara ɗaga murya yadda ake ji a titi ba. Ba ta taɓa zagin ɗanta a gabana ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai ta ce, ranar da ta ji jikinta ya yi nauyi ta kira ni bakin gadonta, shi ne, "In na tafi, kada ki ɗaura ganye. Kada ki zauna jiran kowa. Ki bi gida gida ki faɗa musu da baki."

Haka na yi. Na fara da gidan Maman 'yan biyu, na ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai talla.